Matakan Marmaron Santa Inés

Birnin Meksiko, 1 ga Fabrairu

Kawu Melitón,

Gaisuwa mai yawa gare ka da Inna Eulalia. Ina fata gwiwar nan da aka ce tana damunka ta yi sauƙi. Ni lafiya lau, sai ɗan tarin da sanyi ya bar mini, shi ma ya kusa tafiya. Na san kunnenka ba ya shiri da waya, shi ya sa na ba Chayo, 'yar garinku mai rumfa a kasuwar layinmu, wannan takarda. Ta ce duk Lahadi in ta sayar da naman da take gasawa a rami ta juya gida, za ta miƙa maka.

Rabona da rubuto maka tun rasuwar Mama, shekara biyu da wata uku ke nan. Ban ji daɗi ba da buƙata ce ta sa na ɗauki biro. Ka yafe mini.

Na sami aiki a wata cibiyar bincike, watana huɗu. Garuruwa goma sha huɗu na yankin nan muke aunawa, daga Birni har mafi ƙanƙanta, wato Santa Inés. Tambaya uku muke yi wa kowane gari: ruwansa zai ishe shi? Wutarsa fa? Abincinsa fa? Sai a ba shi maki a kowanne. Ni aka ba ruwan garuruwa biyar na arewa.

Makon jiya aka kai mu ganin injinan da ke turo wa Birni ruwa daga yamma. Kawu, ashe ruwa na hawa dutse. Mita dubu ɗaya da ɗari ake ɗaga shi sama, a tafiyar da ta haura kilomita ɗari da ashirin. Na ɗora tafin hannuna a jikin bututun, wanda mutum zai tsaya a cikinsa ya miƙa hannu bai taɓo samansa ba, na ji yana rawa kamar cikin dabba mai rai. Wanda ya zagaya da mu ya ce wutar da injinan ke ci za ta haska babban gari ɗungurungum. Na tambaye shi wane gari, don in rubuta. Ya yi dariya ya ce in zaɓi wanda nake so. Ban rubuta ba. Amma tun ranar, in na buɗe famfo sai na tsaya ina kallonsa.

Ga buƙatar. Sau ɗaya tak hukuma ta taɓa auna marmaronku, shekara talatin da suka wuce, ta sami lita 410 a sakan. Daga nan babu komai. Mama ta taɓa gaya mini tun da aka ba ka rabon ruwan gari kake rubuta wani abu a littafi duk mako. In ba damuwa, ka aiko mini da kwafinsa. Ba na so in rubuta wa garin mahaifiyata lambar da na ƙago.

'Yarka,
Araceli

Santa Inés, 15 ga Fabrairu

Injiniya,

Kin ga na ba ki girmanki tun daga sama, kada ki ce tsohon ƙauye bai san an yi digiri ba. Muna lafiya. Gwiwa tana nan, mun saba da juna. Innarki ta ce ki tafasa ganyen lemo ki sa zuma saboda tarin, kuma ki bar wanka da sassafe kamar wadda ake kora.

Ba laifi don buƙata ta kawo ki. Ita ke kawo kowa ƙofar gidan nan, har limamin coci.

Littafin ba ɗaya ba ne, shida ne. Na kai su shagon fotokwafi da kaina, na tsaya a kan mai shagon har ya gama. Innarki na ganin na fita da su ta ce, "Kai da ko tukunya ba ka yarda in ɗora kusa da littattafan nan, yau su za ka kai kasuwa?" Na ce 'yar marigayiya Remedios ce ta nema. Sai ta ce, "To, ka dai sani, ranar da mutanen Birni suka san yawan ruwan nan, ranar za su so shi." Na faɗa miki don ki san an yi gardama kafin su fito.

Lambobin da za ki gani na matakala ne. Mataki goma sha uku ne a kwarmin da aka gina wa marmaron, kowanne tsayinsa taƙina ɗaya, innarki ta gwada da tef ɗin ɗinkinta ta ce santimita goma sha takwas. Duk Litinin da safe nake dubawa in rubuta.

Ke ba za ki tuna wurin ba, shekararki biyar da aka kawo ki, kika tsoma ƙafa kika yi ta kuka wai sanyi ya cije ki. Ni kuwa shekarata bakwai ranar da ya ɓullo. Gonar waken kakanki ce, busasshiyar ƙasa wadda ko akuya sai ta yi tunani kafin ta shiga. Muka tashi da safe muka tarar da ƙasa ta yi baƙi, da rana ta take ruwa na gudu tsakanin kunya. Kakanki ya durƙusa ya sha. Shekara sittin da ɗaya ke nan bai tsaya ba ko na yini ɗaya. Shi ya mai da mu masu latas da albasa da barkono, muka bar wa maƙwabtanmu 'yan tudu baƙin ruwansu na lambatun Birni da ciyawarsu mai wari. In ɗan tudu ya zo neman aure nan, sai ya yi wanka biyu kafin a ba shi wurin zama.

Chayo za ta ba ki cuku. Kada ki bar ta ta ce ya faɗi a hanya.

Kawunki,
Melitón

Birnin Meksiko, 1 ga Maris

Kawu,

Ina gaishe ku. Tarin ya tafi, ka gaya wa Inna ganyenta ya yi aiki. Cuku ma ya iso, ba a gutsura ba.

Kwana tara na yi ina shigar da lambobinka. Litinin 1,617 ke cikin shekara talatin da ɗayan nan. Ka rubuta 1,598, goma sha tara ne kawai babu, kuma bakwai daga cikinsu a jere suke, lokacin da aka kwantar da kai a asibitin Pachuca. A duk garuruwan nan goma sha huɗu babu ofishin da ke da rubutu mai tsawon wannan ba yankewa. Da na kai shafin ƙarshe sai da na tashi na wanke fuskata.

Tambaya ɗaya ce, kuma komai a kanta ya rataya. Ka fara da uku, yanzu kana rubuta takwas. Daga ina kake ƙirgawa, daga ƙasan kwarmin ko daga bakinsa? Duk ma'aunin ruwan da na sani daga ƙasa yake farawa, amma ba na so in ɗauka haka kawai. Ranar 21 ga wata za a rufe rahoto. Don Allah amsar ta zo Lahadi mai zuwa.

Araceli

Birnin Meksiko, 24 ga Maris

Kawu,

Ina fata lafiya. Ta gidan waya na aiko wannan, domin Lahadi uku ke nan ina zuwa bakin kasuwa ba Chayo, ba rumfarta. Maƙwabtanta sun ce ba su san komai ba. Na buga wayar gidanka sau goma sha ɗaya, a kashe. In wani abu ya sami Inna ko gwiwar ce ta tashi, a sanar da ni. In kuma tambayata ce ta ɓata maka rai, kamar ina shakkar aikinka, wallahi ba haka nake nufi ba.

An rufe rahoto ranar Juma'a. Na gaya wa shugabarmu, Dakta Zamudio, cewa ban sami amsa ba. Ta ce, "Araceli, wa kika taɓa gani yana auna ruwa daga sama? Daga uku zuwa takwas, ruwa ya ƙaru. Rubuta mu wuce, garuruwa goma sha uku na jiran ki." Na rubuta, amma na sa ɗan bayani a ƙasan shafi cewa ba a tabbatar da inda ƙirgen ya fara ba.

In haka ne, marmaronku ya kusa ninka abin da yake bayarwa da, kuma a jadawalin ruwa Santa Inés ce ta ɗaya a cikin goma sha huɗu, da rarar da babu garin da ya kama ƙafarta. Ya kamata in yi murna. Amma kullum da safe sai na buɗe shafin nan na 42 in sake karantawa.

Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

Araceli

Santa Inés, 26 ga Afrilu

Araceli,

Muna lafiya, ba wanda ya mutu. Wayar tana cikin aljihun tebur, na kashe ta tun Kirsimeti saboda masu talla.

Ranar da tambayarki ta iso na amsa. Na ba Chayo, ta sa a aljihun rigar aikinta, washegari aka kira ta 'yarta na naƙuda a Pachuca, ta rataye rigar a ƙusa ta tafi. Mako bakwai ta yi. Jiya ta kawo mini takardar tana kuka, duk ta sha maiƙo. Ga ta nan na haɗa miki, ban buɗe ba, ki duba kwanan watan da kanki.

Daga sama muke ƙirgawa. Wa zai ƙirga daga ƙasa, alhali ƙasan yana cikin ruwa ba a ganinsa? Mace ta fito da kwandon wanki a ka, ta haɗu da mai dawowa, sai ta ce, "Nawa yau?" So take ta san mataki nawa za ta sauka, nawa kuma za ta hawo da jiƙaƙƙun kaya. Uku na nufin ruwa na kusa. Takwas na nufin ya gudu ya bar mu. Marmaron raguwa yake yi, 'yata. Duk matar garin nan gwiwarta ta san haka.

Ni ma na yi nawa shirmen. Wasiƙarki ta gidan waya ta yi kwana goma sha shida a hanya. Na ɗauka amsata ta same ki daga baya kin gyara, na tsallake maganar ninki, idona ya faɗa kan "ta ɗaya a cikin goma sha huɗu". Na zaci tsabta kike nufi. Na karanta a taron gari, aka tafa, shugaban gari har ya ce za a rubuta a allon bakin hanya don 'yan tudu su gani.

Ranar Talata sai ga 'yan safiyo biyu a farar a-kori-kura, suna kafa turaku masu jan kai daga bakin marmaro suka nufi kudu.

Na ce, "Samari, gonar wa kuke rabawa?"

Babban ya ce, "Hanyar bututu ce, Baba. Ku ne masu rarar ruwa, ko ba nan ba ce Santa Inés?"

Na ce, "Wace rara?"

Ya buɗe wani littafi mai sheƙi ya nuna mini. Na ga zanen layi yana hawa sama kamar hanyar dutse, a ƙasansa an rubuta "daga bayanan M. Cerón". Ni ke nan. Ya ce rabin abin da ya ƙaru kawai za a kai Birni, ba za mu ma ji ba. Na duba ƙasan shafin ina neman ɗan bayanin da kika ce kin sa. Babu shi.

Innarki ba ta ce "na gaya maka" ba. Da ta faɗa da ya fi mini sauƙi. Turaku arba'in da biyu ne, ɗaya a tsakiyar albasarta.

Ban san yadda ake warware abin da aka buga a littafi ba. Ke kika sani.

Melitón

Birnin Meksiko, 3 ga Mayu

Kawu,

Na gode Allah da kuke lafiya. Ni ban san abin da zan ce game da tawa ba. A tsaye na karanta wasiƙunka biyu a gaban rumfar Chayo, sai da ta jawo mini bokiti na zauna a kai. Laifina ne. Na san ban tabbatar ba, na bari aka buga.

Ranar Litinin na shiga ofishin Dakta Zamudio na ce, "Dakta, na kifa marmaro."

Ta ce, "Kin kifa me?"

Na shimfiɗa mata wasiƙarka. Ta karanta sau biyu, ta cire tabarau ta ce, "Ɗan bayanin naki ni na sa aka cire, shafin ya cika. To, kada ki suma mini a nan. Za mu gyara a bugu na biyu, a watan Satumba, ba wanda zai lura." Na ce ranar 15 ga wannan wata shugabannin garuruwa za su zauna su amince da bututun, Satumba ta yi nisa. Ta ce, "Kin san me ake kiran sabuwar ma'aikaciyar da ta tashi a gaban shugabanni goma sha huɗu ta ce rahoton ofishinta ba daidai ba ne?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "Ni ma ban sani ba, ban taɓa ganin wadda ta daɗe har aka sa mata suna ba." Amma ta ba ni minti goma a taron.

Yanzu ga wani abin da na gano.

Da na juya lambobinka daidai, na ga ba a hankali kawai ruwan ke sauka ba. Sau biyar ya faɗi farat ɗaya, mataki guda ko fiye, ya daɗe kafin ya ɗan farfaɗo. Na ɗauko tarihin famfon Birni na ɗora a kai. Sau biyar aka yi babban yankan ruwa a Birni cikin shekarun nan, kafin bara. Kowane ɗaya, bayan wata goma sha uku zuwa sha biyar, sai ka rubuta sabuwar lamba a littafinka. Biyar cikin biyar. Na sake lissafin sau huɗu ina neman inda na yi kuskure, ban samu ba.

Na koma tsofaffin takardu. Shekara huɗu kafin ranar da kakana ya durƙusa ya sha, aka buɗe magudanar da ta fara kai baƙin ruwa gonakin tudu. Gishirin da 'yan safiyo suka samu a ruwanku kuma irin na magudanar ne, sai dai ƙazantar babu.

Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa. Marmaronku ruwan 'yan tudu ne. Ruwan Birni ne.

Ka bi shi tare da ni. Sama ta zubar da shi a duwatsun yamma. Wuta ta ɗaga shi mita dubu da ɗari, wata ma daga tashar da kake hango hayaƙinta in ka hau tudu. Na wanke fuskata da shi. Ya bi rami ya fita bayan duwatsu baƙi ƙirin, ya shayar da ciyawar da shanu suka ci, na sayi madararsu. Wanda ya rage ya nutse, ya bi ta cikin ƙasa da dutse kilomita goma sha tara, babu inji, babu wuta, babu mai gadi, ya fito a gonar wake da sanyinsa garau. Kuka shuka latas, mota ta kawo shi kasuwar layinmu. Ba ina cewa ɗigon ne ke isowa cikin wata goma sha huɗu ba. Nauyinsa ne ke isowa, kamar a ture na ƙarshe a layi na gaba ya motsa. Shi ɗigon zai iya shekaru a hanya. Wanda za ka taɓa ranar Litinin, mai yiwuwa Mama na raye aka zubar da shi.

Mu kuwa mun ja layi uku a takarda, ruwa, wuta, abinci, kamar ba su san juna ba.

Ba zan iya nuna wannan a taro ba sai da littattafanka da sunanka, kuma in na nuna, duk yankin zai ji daga ina ruwan Santa Inés yake. Ba zan yi ba sai ka yarda. In ka ce a'a, zan faɗi kuskurena kawai in zauna, sai dai ban tabbata hakan zai isa ya tsayar da su ba.

'Yarka,
Araceli

Santa Inés, 10 ga Mayu

'Yata,

Muna lafiya. Ki ci abinci, Chayo ta ce kin zama kamar sandar rake.

Ranar uku ga wata muka yi bikin gicciyen marmaro kamar kowace shekara, furanni da kiɗa da naman rami, ga turaku masu jan kai tsaye a cikinmu kamar baƙin da ba a gayyata ba. Washegari wasiƙarki ta zo.

Ba zan ɓoye miki ba, ranar ban ci tortiya, wainar masarar nan tamu, ko ɗaya ba. Da safe na sauka matakan nan takwas, na cika kofi, na ɗaga shi a rana na daɗe ina dubawa. Na sha. Shi ne dai, wanda na sani tun ina ɗan shekara bakwai. Na zauna a mataki na bakwai ina tunanin mutum miliyan nawa ne suka taɓa shi kafin ni, kuma wane ne a ƙarƙashin ƙasa yake wanke shi bai taɓa neman a gode masa ba. Ban iya tashi ba sai da mata suka fara zuwa.

Na karanta wa innarki. Na zaci za ta zubar da randa. Ta ce, "Shekara arba'in ina wanke fararen kaya da shi, ka taɓa jin wari? Ƙasa ta fi ni iya wanki, shi ke nan. Kyauta kuma kyauta ce, ko ta wace ƙofa aka shigo da ita."

Na tara mutane ranar Alhamis na faɗa musu. An yi hayaniya. Wani ya ce ki zo ki faɗa da bakinki in kin isa. Shugaban gari ya tambaya ko za a iya tsayar da bututun ba tare da an ambaci tudu ba. Na ce 'yar ta ce ba ta da tabbas, kuma na lura in ta ce ba ta da tabbas gara a saurara. Aka ɗaga hannu, masu yarda suka fi yawa da goma sha ɗaya.

Labari ya riga ya hau tudu. Jiya Fidencio, mai rabon ruwansu, wanda muka yi shekara talatin muna zagin juna, ya tsayar da babur a ƙofata ya ce, "Melitón, ashe ragowarmu kuke sha? To daga yau wanka ɗaya za mu riƙa yi." Na ce ya yi ɗayan ma mu gani. Muka yi dariya, amma da zai tafi ya roƙi in cika masa gora.

Ga littattafan nan shida, na asali, a naɗe cikin ƙyallen tortiya. Ki nuna su, ki faɗi sunana. Na uku bangonsa ya saki, ki riƙe shi da hannu biyu.

Kawunki

Birnin Meksiko, 17 ga Mayu

Kawu,

Ina gaishe ku, kuma na ci abinci, ka gaya wa Chayo ta daina kai rahotona.

An dakatar da bututun.

Minti goma aka ba ni, na yi goma sha bakwai. Na ce ni ce Araceli Olguín, ni na rubuta shafi na 42, kuma na karanta ma'aunin a kife. Wani mai babbar kujera ya ce, "Injiniya, kina nufin duk abin da muka karanta shirme ne?" Na ce, "Shafi na 41 zuwa 43 ne kawai, yallaɓai. Sauran na sake bi sau uku." Aka yi dariya, ban san dalili ba.

Da na ɗora layin famfon Birni a kan layin matakanka, dariyar ta tsaya. Wani tsohon injiniya, wanda aka ce ya yi shekara arba'in a ramukan lambatun Birni, ya nemi a miƙo masa littafi na farko. Ya riƙa buɗawa a hankali yana bin lambobin da yatsa. Ya ce, "Duk rayuwata ina tura ruwan nan waje, ban taɓa sanin akwai mai jiran sa a ɗaya bakin yana rubutawa ba." Littattafan suka zagaya teburin hannu zuwa hannu. Na uku ban sake shi ba.

Za a cire turakun, a kafa ma'aunin ƙarfe a marmaron, a yi shekara ana dubawa kafin a sake ɗaga maganar. Santa Inés ta sauko daga ta ɗaya zuwa ta goma sha ɗaya. Ni kuma takardar aikina za ta ƙare a Yuli, ba a ce mini komai a kanta ba. Da za mu rabu Dakta Zamudio ta ce gobe in zo da wuri.

Akwai sauran abu ɗaya, na yi kwana biyu ina jinkirin rubuta shi. Daga Oktoba zuwa Disambar bara an yi babban yankan ruwa a Birni, na shida. In abin da ya faru sau biyar ya sake faruwa, tsakanin Disamba da Fabrairu masu zuwa marmaron zai faɗi mataki guda, ko ɗaya da rabi, daidai lokacin da latas ɗin rani ya fi shan ruwa. A lissafina ruwan ba zai ishi fiye da kashi biyu cikin uku na gonakin da kuka saba shukawa ba.

Sau biyar ba sau ɗari ba ne. Kuma lambar ƙarshe da na bayar ita ta kafa turke a albasar Inna. In ba ka ɗauki wannan ba, ba zan ga laifinka ba.

'Yarka,
Araceli

Santa Inés, 7 ga Yuni

Injiniya,

Muna lafiya, an fara yayyafi. Littattafai sun dawo, na uku har da sabon bango, na gode. An zo an tumɓuke turakun. Guda arba'in da ɗaya suka samu, innarki ta riga ta ɗaure tumatirinta da ɗayan, ta ce su zo su ƙwata in sun isa.

In ba su sabunta miki takardar aiki ba, ga aiki nan na ba ki, ba albashi. Chayo za ta kawo miki sabon littafi. Duk Litinin da safe ki buɗe famfonki ki rubuta ko ya zo ko bai zo ba, da ƙarfi ko a gajiye. Shekara talatin da ɗaya ina tsaye a wutsiyar ruwan nan ban san yana da kai ba.

Na kai maganar Disamba taron gari. Ba su tafa ba wannan karon. Wani ya ce, "Yarinyar da ta kifa mana marmaro ita za ta hana mu shuka?" Na ce ita ce kuma ta tashi a gaban manya ta ce ta kifa, wanda ya taɓa yin haka a cikinku ya ɗaga hannu. Aka yi ta kallon rufin ɗaki. Duk da haka ba su yarda ba, sun ce sai Oktoba za a yanke, kuma ba zan tilasta wa kowa ba.

Ni dai na fara da tawa. Kadada ukun nan da ke bakin hanya, inda kowa zai gani, jiya na ja igiya na ware ɗaya. Ba latas a cikinta bana. Na riga na gaya wa mai kawo iri ya rage nawa.

In Fabrairu ta zo ruwa na nan a takwas, za su yi shekara goma suna yi mini dariya, ke kuma za ki zo ki zauna kusa da ni a sha ta tare. Amma na ja igiyar.

Kawunki,
Melitón